Akuyar Tukuici

Jiya da hantsi matar ɗana ta jawo wata tsohuwar tasa daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga ta sama tana dubawa, sai na ga rana ta ɓullo ta gindinta. Huda ce ƴar ƙarama, ba ta fi ƙwayar gero ba. Ta kaɗa kai, ta jefa tasar cikin wani buhu da ta jingine a tsakar gida, ta ce da ni, "Inna, waɗannan na sadaka ne, in Juma'a ta zo a miƙa wa mabuƙata." Na leƙa buhun. Akwai buta marar hanci, da silifa ƙafa ɗaya, da wani zane wanda ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a kansa ba. Yarinyar kirki ce, kuma ba ita ta ƙago wannan hali ba. Amma tun da hasken nan ya ratso gindin tasa, hankalina ya bar Damagaram ya koma ƙasar Damargu, can ƙauyenmu da ke tsakanin Tanut da Gangara, gidan kakata.

Bari in fara gaya maka yadda kaya ke mutuwa a gidan nan, don in ba ka san wannan ba, sauran labarin ba zai shige ka ba. A hannun kakata abu ba ya mutuwa sau ɗaya. Zane sabo na biki ne da suna. In ya kwana biyu ya koma na daka da zuwa rijiya, in ya yi laushi ya zama majanyi, daga nan tsumman jariri, daga nan gammo, a ƙarshe ta yayyage shi ta murza lagwanin fitila. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta, in ɗinkin ya gaza ta zama sakaina, a kwashi toka da ita ko a zuba wa kaji ruwa. Tsohuwar hauya ta tafi maƙera ta dawo wuƙa. Tayar mota da direbobin Agadas suka yasar a bakin hanya, baduku ya yanka mana takalma da ita, robar cikinta kuma a ɗinka guga. Gwangwanin tumatir guda ɗaya na tashi na tarar ana auna gishiri da shi, har na yi aure yana nan.

Abin da ya ƙare ƙarewa kuwa, juji. Kuma juji a wurinmu ba abin kunya ba ne. Yana bayan gida yana ruɓewa a hankali, da bazara a kwashe shi a mangala a kai gona, baɗi ka ci shi a tuwo. Saboda haka kaya na da hanya biyu ta mutunci: ko mai sana'a ya ba shi sabon rai, ko ƙasa ta ci.

Kyauta hanya ce ta uku, kuma ba ta haɗuwa da waɗancan ko kaɗan. Kakata ba ta taɓa ba mutum abu don ta gaji da ganinsa ba. In za ta bayar, sai ta tsaya a gaban adakarta ta daɗe, ka ga fuskarta ta canja, sannan ta zaro wanda take so. Takan ce da ni, "Abin da ba ki iya miƙa wa surukarki, kada ki miƙa wa Allah." A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai ke sa ta surutu.

Kakata tana da wata ƙawa Bafillatana. Tun kafin a haifi babana suke tare. Kowace shekara bayan girbi, in makiyaya suka gangaro daga arewa don shanu su ci karan gona, sai ka ga doguwar tsohuwar nan ta shigo gidanmu ba sallamar baƙunta, da ƙorai a kanta, tana warin nono da hayaƙi. Ta sauke kindirmo da man shanu, kakata ta auna mata gero. Ba na jin sun taɓa yin ciniki, kowa dai ya san ƙwaryar da ta zo cike ba ta komawa wofi. Su zauna a inuwar rumbu suna zagin juna da wasa, wannan ta ce Bahaushiya ba ta san daɗin tafiya ba, waccan ta ce Bafillatana ba ta san daɗin ɗaki ba. Mu yara Goggo muke ce mata. Daga baya na ji asalin abin. Lokacin da kakanmu ya rasu ya bar kakata da yara ƙanana, Goggo ce ta jawo saniya mai tatsa ta ɗaure mata a gida da sunan habbanaye, wato aron dabba irin na makiyaya: ka riƙe uwar, ka sha nono, ta haifa maka, sannan ka mayar da ita ga mai ita. Ba sadaka ba ce, ba wanda ya durƙusa wa wani. Nonon saniyar nan ƴaƴan kakata suka sha suka yi ƙashi.

Babba a cikin waɗannan ƴaƴa shi ne baffana, yayan babana. Ya riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya ji ƙansa, amma addu'a daban, gaskiya daban. Shi kaɗai aka kama aka kai lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, ya fito ya samu aikin rubutu a biron kumandan, ofishin mai mulkin yanki, aka yi ta yawo da shi gari gari. In ya zo ganin gida yakan shigo da kwat da tabarau, da ɗan ƙyalle a hannu wanda yake kai wa hanci duk lokacin da ya ratsa turken awaki, shi da aka haifa taku kaɗan daga wannan turke. Hausarsa ma sai ya yayyafa mata faransanci, kamar ba za ta ciwu ba sai da shi.

Shi ne ɗan fari, kuma ka san al'adarmu. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, in ya shigo ta kau da kai. Kakata ta riƙe wannan kunya da ƙarfi fiye da duk matan garin. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin Agadas". In ya durƙusa gaisuwa ta amsa wa bango. In tana da magana da shi sai ta ba babana ya kai. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. In an ce yana hanya, ita ce ke tashi tun asuba ta dama masa fura da hannunta, ta aika da ita ta koma ɗaki.

Sai shekarar fari ta zo, ta farko, wadda aka yi kafin soja su karɓi mulki. Damina ta yi ƙarya sau biyu a jere. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mu manoma mun sha wuya, mun ci anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an yi kwanaki ana jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Amma wuyarmu wasa ce a kan ta makiyaya. Suka riƙa gangarowa ba lokacin gangarowa ba, ba ƙura a bayansu, ba kukan shanu. Buzaye masu raƙuma suka iso a ƙasa. Suka yi sansani a kwarin da ke gabas da gari, ƙarƙashin itatuwan aduwa. Warin mushe ya zauna a hanci har ka daina jinsa.

Cikinsu Goggo ta zo. Garkenta duka ya ƙare a hanya, ƴaƴanta maza sun watse neman abin yi, ƴarta ta rasu ta bar jariri. Abin da ya rage mata a duniya shi ne wannan jika a bayanta, da wata jar akuya mai karyayyen ƙaho wadda Allah ya sa ba ta ƙafe ba. Nonon akuyar nan shi ne ran yaron. Ba kunun da zai iya sha, ba mai shayarwa a sansanin da ke da abin da zai ishi nata ɗan. Kowa a garin ya san haka, har mu yara.

Goggo ba ta shigo gidanmu ba da ta iso, don ba ta da abin sawa a ƙwarya. Kakata ta gane. Ta san in ta aika mata da gero haka kawai, matar nan za ta karɓa sau ɗaya don yaro, sannan ta tashi ta bar garin don kada ta karɓa na biyu. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ba wasa ba ne. Sai ta ɗauki wata tsagaggiyar ƙwarya ta tafi kwari da kanta, ta ce, "Ƙawa, gyartai ya gudu kudu, ƙorena duk sun lalace. Ki taimake ni." Goggo kuwa gwana ce a ɗinkin ƙwarya. Ta ɗinke, kakata ta ba ta ladan aiki: ɗan gero, da dusa don akuya.

Da tsagaggun ƙorai suka ƙare a gidan, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Wata rana da azahar na tarar da kakata a bayan rumbu da ƙwaryarta lafiyayya, mai zane, cikin waɗanda take jerawa a ɗaki. Ta juya ta, ta shafa, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta a hankali har ta ce ƙas. Matar da ke murza lagwani da tsumma ita ce ke fasa ƙwarya da gangan. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Faɗuwa ta yi." Haka ƙoren ɗakinta suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya duk ranin nan. Ina kyautata zaton Goggo ta sani, don mai ɗinkin ƙwarya ba ta kasa bambanta tsagar faɗuwa da tsagar gwiwa. Ta ci gaba da ɗinki, kakata ta ci gaba da biya. Yaron ya fara zama da kansa, akuya tana tatsuwa.

Ana cikin haka aka ɗauke baffa daga Agadas zuwa Damagaram. Hanya ta gabanmu take bi, sai ya ratso da kamyo guda, babbar motar kaya, shaƙe da kayan gidansa. Direba ya yi ta ƙorafi tun daga hanya cewa kaya sun yi wa motar yawa, yashi zai riƙe ta. Gidan da aka ba shi a can kuma an ce da kayan ɗaki a ciki. Ka ga ke nan akwai tarkacen da dole a rabu da su. Mutumin da ya san ciwon kansa da sai ya kira maƙeri ya ce kwashi abin da za ka iya, saura a kai juji. Amma baffa ya hangi sansanin kwari, sai dabara ta faɗo masa: ya sauke wa mota nauyi, ya kuma ɗauki lada da suna a tafiya ɗaya.

Da yamma aka sauke kayan a ƙofar gida, muka kewaye su muna kallo. Ina iya ganinsu har yanzu. Fanka ta lantarki, a garin da ko fitilar ƙwai ba kowane gida ba. Rediyon da aka kwashe wa hanji. Laima mai karyayyun haƙarƙari. Takalman matarsa masu tsini, waɗanda ko ita ba ta iya taka yashinmu da su. Kwalaben turare wofi, kujera mai ƙafa uku, risho marar kai, tasoshin da suka yi tsatsa, da wata katifa da ke motsi da kanta saboda kuɗin cizo. A can cikin motar kuwa, ƙarƙashin tampol, buhunan shinkafarsa ne a jere, ba wanda ya taɓa su.

Kakata ta leƙo ta zaure sau ɗaya ta koma. Ta kira babana ta ce, "Gaya wa yayanka juji yana bayan gida, maƙera kuma tana bakin kasuwa." Babana mutum ne mai sanyi, yana tsoron yayansa kamar me. Ya je ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, Inna ta ce ko a ɗan tsince kayan tukuna." Baffa ya yi dariya ya ce, "Mai yunwa ba ya zaɓe." Aka kawo wa kakata amsa. Washegari da sassafe ta ɗauki kwando ta bi mata daji tsinkar anza, don kada idonta ya ga abin kunya a ƙofar gidanta. Wannan tafiya ita ce ta yi ta cizon yatsa a kai har ta mutu.

Da hantsi aka yi shela. Baffa ya sa aka ɗauko masa kujera mai ƙafa huɗu ya zauna a inuwar mota, mutanen kwari kuma aka jera su a rana. Ya sa aka kira liman don fatiha, aka kira maroƙi don kada wani abu ya wuce ba a ji ba. Duk abin da ya miƙa sai maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, ya bi da kirari. Mutane sun zo ne da zaton hatsi. Wani dattijon Buzu, wanda aka ce raƙumansa a da ba sa shan ruwa rijiya ɗaya su ƙoshi, shi aka miƙa wa fanka. Ya karɓa hannu biyu, ya jujjuya ta, ya duba gaba ya duba baya, ya ja rawaninsa ya rufe har idanu. Wata mata mai ƴaƴa uku ta samu takalma masu tsini. Ba wanda ya ƙi karɓa, don ba a mayar da sadaka a gaban liman, kuma kowa na cewa wataƙila shinkafar na tafe a ƙarshe. Ba ta zo ba.

Goggo ba ta cikin layin, kuma ba za ta taɓa shiga ba. Baffa ne ya duba bai gan ta ba, ya aika kwari a ce ana kiranta daga gidan ƙawarta. Ta zo da sauri da yaro a baya, da basilla da zaren kaba a hannu, a zatonta wata ƙwaryar ce ta faɗi. Sai ta tsinci kanta a tsakiyar taro. Baffa ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya ce, "Jama'a, wannan tsohuwa nonon saniyarta na sha ina yaro. Yau ga yadda Allah ya yi da ita, ba ta da komai. Ni kuwa ba na manta alheri." Maroƙi ya maimaita da ƙarfi, har da ƙari, don na bayan layi su ji cewa ba ta da komai. Aka jawo mata katifa, aka ɗora risho, aka miƙa mata tasa mafi girma. Rabon girmamawa ke nan a wurinsa, kuma na rantse da zuciya ɗaya ya yi shi. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Ta ɗaga tasar sama kamar yadda kowace mace ke yi in an ba ta mazubi. Rana ta ɓullo ta gindinta, ɗigon haske ya sauka a kumatunta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Madalla, ɗana." Ta kama kunnen katifa ta ja ta a ƙasa har kwari.

Ba a watse ba sai ga ta ta dawo, tana jaye da jar akuya. Ta ratsa mutane ta zo gaban baffa ta miƙa masa igiya. Ta ce, "Ɗana, a wurinmu ƙwarya ba ta komawa wofi. Ga tukuici." Maroƙi ma, wanda bakinsa bai huta ba tun safe, ya rasa kirarin yi. Goggo ta gwammace ta sayi tarkacen da abin da ya rage mata, da a ce a gaban jama'a an yi mata sadaka. Ta juya ta tafi, ba ta waiwayi akuyar ba. Babana ya matso ya ce a hankali, "Yaya, abincin yaron ne fa." Baffa ya ce, "Kai ba ka san Fulani ba? Mayar mata da kyauta cin fuska ne." Ka ji mutumin da ya manta warin turke, amma al'adar da za ta ba shi akuya bai manta ta ba. Ya sa aka ɗora ta a mota, yana cewa ta walimar sabon gida ta samu.

Kakata ta dawo da la'asar da kwando a ka. Tun daga bakin gari ta ji kukan akuya, kuma ta san muryar, ita da ke kai mata dusa. Hantsar akuyar ta cika tun rana, ba mai tatsa. Kakata ba ta shiga gida ba. Ta sauke kwando a tsakiyar hanya, ta nufi inuwar mota inda maza ke zaune, wurin da ban taɓa ganin ƙafarta ta taka ba. Wani ya gaya mata abin da ya faru cikin kalmomi kaɗan. Ta tsaya a gaban ɗanta na fari, ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, da muryar da ake kiran yaron maƙwabta. Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Sauko da ita." Ya fara wata magana da faransanci, ta katse shi. "Ka tara mata jama'a ka faɗa musu ba ta da komai. Ka ba ta sharar gidanka, ka karɓi nonon jikanta. Da ka zuba a juji, da gona ta gode maka."

Aka sauko da akuya. Kakata ta kama igiya ta nufi kwari, na bi ta a baya. A hanya tana ta gyara maganar da za ta yi, ina jinta: za ta ce akuyar ta zama tata tun da ɗanta aka ba, yanzu kuma ta kawo ta habbanaye, kamar yadda aka yi mata a da. Wannan Goggo ba za ta iya ƙi ba. Dabara ce mai kyau, da ta zo da wuri.

A gindin aduwa muka tarar da katifa a naɗe, risho da tasa a kanta, an danne da dutse don kada iska ta ɗauka. Toka ta huce. A gefe guda, nesa da tarkacen, ga ƙwaryar kakata ta ƙarshe a kife bisa faifai, an gama ɗinke ta tsaf, ba a jira lada ba. Maƙwabtanta na sansani suka ce tun kafin azahar ta goya yaro ta bi masu tafiya kudu. Kakata ta ɗauki ƙwaryar ta bi ɗinkin da yatsa daga baki har gindi. Akuya na ta kuka a bayanta. Sai ta durƙusa ta tatse ta a cikin ƙwaryar nan, ta juye wa wata mai goyo da ke kusa, muka dawo da ƙwaryar.

Babana ya hau jaki ya bi sawu, ya yi kudu, ya dawo ya yi wajen Belbeji. A shekarar nan hanyoyi cike suke da tsofaffi masu goyo, kowa ya ga irinta, ba wanda ya gan ta. Baffa kuwa tun daren ranar ya wuce Damagaram da motarsa mai sauƙin kaya. Da mutanen kwari suka tashi, tarkacensa duka suka bari a wurin. Maƙeri ya je ya kwashe, ya fitar da ludaya daga fukafukan fanka, ya yi tarkon ɓera da kejinta, ya lanƙwasa tasoshi ya yi matatar toka. Katifa aka cinna mata wuta. Ka ga ke nan inda kayan suka dace tun farko, ba tare da an tozarta kowa ba.

Akuyar ta zauna a gidanmu, ta hayayyafa. Kakata ba ta taɓa ce mata tata ba, "awakin ƙawata" take cewa. Ba a sayar ba, ba a yanka ko ɗaya da layya ba. Kowace shekara in makiyaya sun gangaro sai ta tafi bakin rijiya ta yi ta tambaya, tana kwatanta doguwar tsohuwa da yaro wanda yanzu ya isa kiwo. Da fari na biyu ya zo, ina gidan miji lokacin, sai ta rarraba awakin ga waɗanda suka rasa nasu, duka da sunan habbanaye. Ta ce da kowannensu, "Ba nawa ba ne, na wata ce. Ku riƙa mata."

Baffa kuma, daga ranar nan kakata ba ta sake yi masa kunya ba. In ya zo ta dube shi, ta kira sunansa, ta tambaye shi iyali, ta sa a ba shi ruwa kamar kowane baƙo. Fura kuwa sai wadda aka dama wa kowa. Da farko ya ɗauka ci gaba ne ya iso ƙauye. Sai da ya manyanta ya gane cewa kau da kan nan shi ne girmansa a gidan, kuma an tuɓe masa shi. Na ji da kunnena yana roƙon babana ya ba ta haƙuri. Ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, ta kuma kira sunansa a cikin amsar.

Yanzu zamani ya canja, kaya sun yi yawa, roba ta cika gari, juji ma ya daina ruɓewa. Ƙwarya in ta tsage ba mai neman gyartai. Masu sayen gwangwan suna wucewa ta ƙofar gida kullum suna kira, amma mutane sun fi son su tara ƙazantarsu a buhu su jira Juma'a, don mai gwangwan ba ya cewa Allah ya ba da lada. Ana so a share ɗaki, a kuma rubuta wa mutum aljanna a kan sharar. Irin baffa ba su ƙare ba, sun dai daina ɗaukar maroƙi ne saboda kowa na da waya a hannu.

Yau da safe na kira matar ɗana, na zazzage buhun a gabanta. Tasa da buta na ware wa mai gwangwan. Zanen na yayyaga, zai yi goge-goge. Silifa ta tafi juji. Ta ce, "To Inna, me za a bayar?" Na nuna mata tukunyar da ke kife a bakin murhu. Ta ce, "Ai wannan ina amfani da ita." Na ce, "Shi ya sa." Na ce ta kai wa bazawarar da ke bayan gidanmu in rana ta yi sanyi, ta ƙofar baya, ta ce mata aro ne, kuma kada ta taɓa zuwa karɓa.

Ƙwaryar nan mai ɗinki tana ɗakina, ita kaɗai na roƙa cikin kayan kakata. Ɗinkin bai saki ba har yau. Wani lokaci in Bafillace mai furfura ya wuce da sanda a kafaɗa, nakan bi shi da kallo ina lissafin shekarunsa. In yaron nan ya rayu, yanzu shi ma yana da jikoki. In kuwa bai rayu ba, to a kan tasa mai huda ya tafi, kuma an yi wa mai bayarwa kirari.